Jini Magayi: Tarihin Binciken Ciwon Zuciya Ta Hanyar Jini

Daga cikin abubuwan al'ajabi da Allah Maɗaukakin Sarki ya sanya a halittar ɗan Adam akwai wannan, cewa zuciya, wadda jinin jiki kaf yake ratsa ta dare da rana ba fashi, ba ta samun abincinta daga jinin nan da ke cika ɗakunanta sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Dogaronta yana ga waɗansu 'yan jijiyoyi nata na kanta, waɗanda suka tsiro daga gindin babbar jijiya, suka zagaye ta ta waje, sa'an nan suka yi rassa suka nutse cikin namanta. Ba dukan magabatan malaman ɗibbu ne suka riski wannan sirri ba, har shi kansa Ibnu Sina, duk da zurfin iliminsa, ya tafi a kan cewa jinin da ke ɗakin dama shi ke ciyar da zuciya, sai da zamani ya kawo Ibnun Nafis, mutumin Sham wanda ya zauna Alƙahira, ya haɗa fiƙihu da likitanci, ya rasu a 1288, ya yi masa raddi a cikin sharhin da ya rubuta a kan Alƙanun, littafin Ibnu Sina, ya tabbatar da cewa abincin zuciya yana zuwa ne ta jijiyoyin da suka ratsa jikinta. To, a kan waɗannan 'yan jijiyoyi, da faɗin manyansu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, ran mutum yake rataye.

In kitse ya taru a bangonsu suka ƙuntata, ko gudan jini ya tokare ɗaya daga cikinsu, sai naman da ke bayan wurin ya shiga ɗayan hali biyu, kuma wajibi ne mai karatu ya riƙe bambancinsu da kyau, domin tarihin nan duka a kansa ya ginu. Hali na farko shi ne tauyewa, wato jini ya ragu, nama ya galabaita amma da sauran ransa, in hanya ta buɗe ya farfaɗo sarai. Na biyu shi ne mutuwar naman, wadda ba ta da makoma, sai dai tabo ya maye gurbinsa. Mas'alar da ta dami likitoci shekaru aru-aru ita ce, ta yaya wanda ke tsaye a bakin gado, ba ya ganin abin da ke cikin ƙirji, zai san wane hali ake ciki, alhali kuwa ciwon ƙirji yana iya tasowa daga ciki, ko huhu, ko haƙarƙari, ko ma daga firgita kawai?

Abin da suka fara dogara da shi shi ne bakin majinyaci. A 1768 wani likitan Landan, William Heberden, ya karanta wa 'yan uwansa likitoci bayanin wata cuta mai shaƙe ƙirji, wadda kan kama mutum yana cikin tafiya, musamman in yana hawan tudu ko bai daɗe da cin abinci ba, har ya ji ransa zai fita, amma da zarar ya tsaya cik sai ta sake shi. Siffantawar ta yi kyau matuƙa, har yau ba a ƙara mata wani abin kirki ba, sai dai Heberden bai san musabbabin cutar ba. Edward Jenner, wanda duniya ta fi sani da rigakafin agana, shi ne ya ci karo da jijiyoyin zuciya da suka ƙandare a jikin wani mamaci da ya yi fama da ita, ya gane alaƙar, amma ya kame bakinsa saboda tausayin malaminsa John Hunter, wanda alamun cutar suka riga suka bayyana gare shi. Hunter kuwa ya yanke jiki ya faɗi a 1793 bayan wata gardama mai zafi a taron asibiti, da aka buɗe ƙirjinsa aka tarar da abin da almajirinsa ya ji tsoro.

Duk da haka, har aka shiga ƙarni na 20 ra'ayin jamhurun likitoci shi ne, wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe nan take yake cikawa, saboda haka lamarin bai shiga cututtukan da ake ganowa a jikin rayayye ba, sai bayan an buɗe gawa ake sanin abin da ya faru. Waɗansu likitoci biyu na Kiyef, Obraztsov da Strazhesko, sun saɓa wa wannan ra'ayi a 1910, sa'an nan James Herrick na Shikago, wanda shi ne kuma ya fara siffanta ƙwayoyin jinin sikila a 1910 ɗin, ya fito a 1912 da hujjar cewa mutum yana iya yin kwanaki bayan toshewar, ko ma ya tashi. Amma maganarsa ta faɗi ƙasa ba mai ɗauka. Abin da ya ɗaga ta daga baya shi ne na'urar da Willem Einthoven ya ƙera a Laidin ta ƙasar Holan a farkon ƙarnin, mai zana motsin lantarkin zuciya, wadda asibitoci ke kira ECG, wadda kuma ta farkonta ta kai nauyin kilo 270, majinyaci yana zaune hannuwansa da ƙafarsa cikin bokitan ruwan gishiri. A 1920 Harold Pardee na Niyok ya nuna yadda zanen yake ɗagawa in babbar toshewa ta auku, kuma har gobe wannan ɗagawa ita ce alamar da in likita ya gan ta ba ya jiran sakamakon komai.

Amma na'urar tana da iyakarta, don da yawa daga waɗanda naman zuciyarsu ke mutuwa zanensu na farko ba ya nuna ɗagawar, na wani ma ya fito lafiya lau. Likitoci sun nemi taimakon jini tun a wancan lokaci, sai dai abin da ke hannunsu ƙalilan ne: ƙaruwar fararen ƙwayoyin jini, da saurin kwanciyar jajayen a cikin kwalba, alamun da maruru ko ciwon huhu ma kan haifar. Ruɗanin bai bar babba ba bai bar yaro ba; a watan Satumba na 1955 shugaban Amurka, Eisenhower, ya farka cikin dare a Denba da ciwon ƙirji, aka fara sanar da jama'a cewa ɓacin ciki ne, sai bayan sa'o'i masu yawa aka kawo na'ura aka ga haƙiƙanin lamari.

Shekara guda kafin haka wata ƙofa ta riga ta buɗe a inda ba a zata ba, wato asibitin ciwon daji na Memorial da ke Niyok. A can wani ɗalibin likitanci, Arthur Karmen, tare da manyansa biyu, Felix Wróblewski da John LaDue, suke auna wani sinadari a jinin majinyata, daga jinsin da ake kira enzayim, wato furotin da aikinsa gaggauta sarrafa abubuwa a cikin ƙwayoyin jiki. Wannan da suke aunawa a yau laƙabinsa AST. Tunanin nasu yana da sauƙin faɗi amma yana da nisan zango: kowace ƙwayar naman zuciya tana da fatar da ta killace abin da ke cikinta, kuma muddin tana raye ba abin da ke fita, amma in ta mutu fatar ta yage, sai abin cikin ya tsiyaye cikin jini, jini kuwa ya kai shi ko'ina, har jijiyar hannu inda allura za ta iya ɗebo shi. Suka gwada, suka ga AST ya ninka ninki-ba-ninki cikin yini guda bayan bugun zuciya, wato toshewar jijiya mai kashe naman zuciya, sa'an nan ya sauka cikin 'yan kwanaki, suka buga sakamakon a mujallar Science a 1954. Gwaji a kan karnukan da aka ɗaure wa jijiyar zuciya da gangan kuma ya nuna cewa gwargwadon naman da ya mutu, gwargwadon hauhawar sinadarin. A ganina ba a yi wa waɗannan mutum uku adalcin ambato ba, domin duk abin da ya biyo baya, har zuwa na'urorin yau, gyara ne da tacewa a kan wannan asali nasu.

Sai dai kowane alƙali ya san ba a karɓar maganar mai shaida sai an yi masa tazkiyya, an tabbata ya halarci abin da yake ba da labari, kuma ba ya cuɗa shi da wani. A nan ne AST ya gaza, domin hanta ma cike take da shi, haka tsoka, ta yadda mai ciwon shawara, ko mashayi, ko wanda hantarsa ta kumbura, jininsa zai ba da labari iri ɗaya. Wannan shi ne mizanin da aka riƙa ɗora kowane sabon sinadari a kansa har shekara 40: shin yana zuwa da wuri, shin yana daɗewa har a same shi, shin kuma zuciya kaɗai yake wa shaida? LDH, wanda aka fara amfani da shi a 1955 da 1956, ya fi daɗewa, yakan kai kwana 10 ko fiye, saboda haka ya amfani wanda ya makara zuwa asibiti. Amma yana ko'ina a jiki, kuma ko da aka gano nau'insa biyar ne, aka lura na farkonsu ya fi yawa a zuciya, sai ga shi jajayen ƙwayoyin jini ma suna ɗauke da wannan nau'in, don haka duk cutar da ke farfasa su, irin su sikila da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, takan ɗaga shi.

Wanda ya riƙe fagen ya daɗe shi ne CK, enzayim ɗin da ke tanada wa tsoka ƙarfi, wanda Jean-Claude Dreyfus da abokan aikinsa a Faris suka nuna hauhawarsa a bugun zuciya a 1960. Falalarsa ita ce abin da hanta ke da shi nasa ba a bakin komai yake ba. Aibinsa kuwa shi ne tsokar jiki ta fi zuciya yawansa, har allurar da aka yi wa majinyaci a cinya don rage masa zafi tana iya ɗaga shi, balle faɗuwa ko aikin ƙarfi. Aka shiga tacewa, aka raba shi nau'i uku, ɗaya na tsoka, ɗaya na ƙwaƙwalwa, na ukun kuwa, CK-MB, yana da yawa a zuciya, kaɗan a tsoka, kuma daga shekarun 1970 shi ya zama abin dogaro. Yakan fara bayyana bayan awa 4 zuwa 6, ya kai ƙololuwa wajen awa 24, ya ɓace cikin kwana 2 ko 3, kuma a kan wannan ne aka gina al'adar kwantar da mai ciwon ƙirji, a riƙa ɗibar jininsa duk bayan awa 6 ko 8, sai ya yini ya kwana kafin a ce masa ya tafi gida. A 1979 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar likitocin zuciya suka tsayar da ƙa'idar cewa ana tabbatar da bugun zuciya in biyu daga uku sun haɗu, wato ciwon ƙirji mai siffar da aka sani, da canjin zanen na'ura, da hawa da saukar enzayim. Da wannan jini ya sami matsayi daidai da na bakin majinyaci da na na'ura. Amma ko CK-MB bai kuɓuta daga tuhuma ba, don an same shi a sama a jinin 'yan gudun famfalaƙi na Boston, alhali zukatansu ƙalau.

A zamanin Herrick jinkirin ganewa ba ya cutar da majinyaci ƙwarai, tun da yake maganin bai wuce morfin da kwanciyar makonni a gado ba. Abin ya juya ne lokacin da ilimi da magani suka haɗu a kan sha'anin lokaci. A 1977 Keith Reimer da Robert Jennings a Amurka suka nuna a jikin karnuka cewa mutuwar nama ba a tashi ɗaya take aukuwa ba: toshewar minti 15 nama yakan farfaɗo daga gare ta, amma daga wajen minti 20 mutuwa takan fara a ɓangaren ciki na bangon zuciya, ta riƙa ci tana nufar waje har awa 3 zuwa 6. A wannan shekarar Andreas Gruentzig a Zurik ya fara buɗe jijiyar zuciya da 'yar balan-balan da ake zurawa ta cikin jijiya a hura. A 1980 Marcus DeWood ya ɗauki hoton jijiyoyin masu bugun zuciya cikin awa huɗun farko, ya tarar kashi 87 cikin 100 a toshe suke ɗungurungum. Sa'an nan manyan gwaje-gwaje biyu, na Italiya a 1986 mai mutum fiye da 11,000, da na ƙasashe da yawa a 1988 mai fiye da 17,000, suka tabbatar da cewa maganin narkar da gudan jini yana rage mace-mace, kuma gwargwadon saurin ba da shi gwargwadon amfaninsa. Daga nan gwajin da ke buƙatar awa 6 kafin ya buɗe baki ya zama abin da haƙuri ba ya iya ɗauka.

Mafita ta zo daga wani fage can dabam, na masu nazarin yadda tsoka ke motsi, waɗanda ba ruwansu da gadon asibiti. Tun a 1883 Sydney Ringer na Landan ya gano cewa zuciyar kwaɗo ba ta ci gaba da bugawa sai in akwai sinadarin kalsiyam a ruwan da aka tsoma ta, ya kuma gano haka ne saboda mai taimaka masa ya yi amfani da ruwan famfo maimakon tataccen ruwa. Amma yadda kalsiyam ke ba tsoka umurni ya zauna a ɓoye shekara 80, sai da Setsuro Ebashi na Jami'ar Tokiyo ya ware, a 1965, wani ɗan furotin da ke zaune a kan zaren tsoka, wanda in kalsiyam ya kama shi sai ya ba zaruruwa hanya su ja juna, in ya sake shi tsoka ta saki. Ya raɗa masa suna turofonin. A farkon shekarun 1970 aka tabbatar kashi uku ne a haɗe, ana kiransu T da I da C, sa'an nan aka gano abin da ya mai da shi taska ga likitoci, wato T da I na zuciya sun bambanta da na tsokar jiki tun daga asalin halittarsu.

Sanin bambancin daban, iya auna shi a cikin 'yar kwalbar jini daban, kuma da ba don ayyuka biyu da suka gabata ba, da lamarin ya tsaya a littafi. Na farko na Rosalyn Yalow da Solomon Berson ne, a wani asibitin tsofaffin sojoji a Niyok, waɗanda wajen 1960 suka koyar da yadda ake amfani da furotin na garkuwar jiki, wanda ɗabi'arsa ce ya gane abu ɗaya ya damƙe shi, a auna abin da ƙanƙantarsa ta fi ƙarfin kowane ma'auni. Na biyu na Georges Köhler da César Milstein ne a Kambirij a 1975, waɗanda suka sami hanyar samar da wannan furotin iri ɗaya tak, ba gauraye, gwargwadon buƙata. Da irin waɗannan makamai Cummins da abokan aikinsa a Ingila suka auna turofonin I a jinin majinyata a 1987, Jack Ladenson da mutanensa a Sen Luwis suka kyautata gwajin daga baya. Amma sunan da ya fi manne wa wannan babi shi ne na Hugo Katus, likitan Haidalbag a Jamus, wanda asali wani furotin dabam yake bi, sai ya lura garkuwar da ya samar tana kama wani baƙon abu da ya gauraya da samfurinsa, abin kuma na zuciya ne zalla. Maimakon ya zubar, sai ya bi diddigi, ya tarar turofonin T ne. A 1989 ya bayyana gwajinsa, kamfanin Boehringer Mannheim ya ɗauki nauyin ƙera shi.

Jarrabawar gaskiya ta zo a 1992, kuma ya kamata a tsaya a kanta, domin ita ta sauya fahimtar cutar kanta. Akwai wani rukunin majinyata da suka daɗe suna ɗaure wa likitoci kai: ciwon ƙirji yana kama su suna zaune ba sa aikin komai, zanen na'ura bai nuna babbar toshewa ba, CK-MB bai motsa ba, saboda haka a hukuncin wancan zamani tauyewa ce kawai, nama bai mutu ba, amma waɗansunsu sukan warke su tafi, waɗansu kuwa su faɗi bayan kwana biyu, ba wanda ya iya rarrabe su tun da sauran lokaci. Christian Hamm na Hambag, tare da Katus da waɗansu, suka auna turofonin T a jinin irin waɗannan mutum 84, suka same shi a jinin 33, alhali 3 kacal CK-MB ya nuna. Daga cikin 33 ɗin nan 10 suka yi cikakken bugun zuciya kafin su bar asibiti, 5 suka rasu, amma daga cikin 51 da jininsu ya fito fes mutum ɗaya ne kaɗai abin ya sama. Ma'anar wannan ita ce, abin da ake ɗauka tauyewa ce tsagwaronta, a wurin mutane da yawa mutuwa ce ta riga ta soma kaɗan-kaɗan, yayin da gutsattsarin gudan jini ke gangarawa suna toshe ƙananan rassa, tsohon ma'auni kuwa bai da kaifin ganinta.

A shekarar 2000 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka zauna suka sake ta'arifin bugun zuciya, suka ɗora shi a kan turofonin: duk wanda nasa ya haura abin da ake samu a jinin kashi 99 cikin 100 na masu lafiya, tare da wata alama ta tauyewar jini, to, ya yi bugun zuciya, komai ƙanƙantar naman da ya mutu. Wannan hukunci yana da nauyi, don mutanen da jiya za a sallama da sunan ciwon ƙirji sai suka wayi gari da sunan cutar da ke taɓa aikin mutum, da inshorarsa, da izinin tuƙinsa, da kwanciyar hankalin iyalinsa. Waɗansu likitoci suka yi ƙorafi, kuma ƙorafinsu yana da fuska. Amma ni ina ganin gaskiya tana tare da masu ta'arifin, tun da yake bincike bayan bincike ya nuna waɗannan mutane su suka fi cin amfanin magungunan hana daskarewar jini da gaggawar buɗe jijiya. An sake bitar ta'arifin a 2007, da 2012, da 2018.

Duk da wannan nasara burin asali bai cika ba, domin turofonin, kamar AST da CK da suka gabace shi, ba ya magana sai an riga an yi hasara, kuma da ma'aunan farko sai an jira shi awa 3 zuwa 6. Abin da likita ke fata kuwa shi ne alamar da za ta tashi tun nama yana galabaice da ransa, lokacin da za a iya ceto shi duka. An nema, an kuma nema da gaske. Mayogulobin, furotin da ke riƙe iska a tsoka, yana fita cikin awa 1 zuwa 3, amma bai san bambancin zuciya da cinya ba. Wanda ya fi ɗaga fata shi ne gwajin da David Bar-Or na Kolorado ya bayyana a 2000: ya lura albumin, furotin mafi yawa a ruwan jini, in ya ratsa naman da jini ya tauye masa, sai wani gefensa ya canja har ya rage kama ƙarfen kobal, canjin kuma yana aukuwa cikin mintoci, tun nama bai mutu ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin a 2003, aka yi ta ɗoki. Amma da aka faɗaɗa bincike sai aka ga albumin yana canjawa haka a shanyewar ɓarin jiki, da ciwon hanta, da na ƙoda, da ciwon daji, da tauyewar jini a wata gaɓa dabam, wato yana shaidar tauyewa ba tare da faɗin inda ta auku ba, saboda haka bai zauna da gindinsa a asibitoci ba. Haka aka gwada wani ƙaramin furotin mai ɗaukar maiƙo a naman zuciya, da kofeftin, wanda ke tashi in jiki ya shiga matsi, kowanne ya yi ɗan tashe ya lafa.

Abin da ya rage musu kasuwa shi ne wasa ma'aunin turofonin ɗin kansa. Daga wajen 2010 asibitocin Turai suka fara amfani da ma'aunai masu tsananin kaifi, waɗanda Amurka ba ta ba izini ba sai a 2017; suna ƙidaya da nanogiram a lita, nanogiram kuwa ɗaya ne bisa biliyan na giram, har suna iya ganin turofonin a jinin yawancin masu lafiya, iyakar ma'aunin T da ya fi yaɗuwa kuma 14 ce. Da wannan kaifi tambaya ta tashi daga akwai ko babu, ta koma nawa ne, kuma hawa yake yi ko yana tsaye. Christian Mueller da almajiransa a Basel ta Suwizalan suka nuna cewa in aka ɗebi jini da isowar majinyaci, aka sake ɗiba bayan awa ɗaya, ana iya yanke hukunci a kan kimanin uku bisa huɗu na masu zuwa da ciwon ƙirji, ƙungiyar Turai kuma ta shigar da wannan cikin ƙa'idojinta a 2015. Wata fa'idar ta faɗa wa mata, waɗanda zukatansu suka fi ƙanƙanta, turofonin nasu kuma ya fi na maza ƙasa, ta yadda iyaka ɗaya ga kowa takan ɓoye cutarsu. A Edinbara, da aka yi amfani da sabon ma'aunin I aka kuma ba mata iyakarsu dabam, 16 inda ta maza take 34, adadin matan da aka gano da bugun zuciya ya ninka.

Amma kaifi yana da tsadarsa, domin mai shaidar nan gaskiya yake faɗi in ya ce zuciya ta ji rauni, sai dai ba ya faɗin wanda ya ji mata. Turofonin yana hawa a ciwon ƙoda, da gubar ƙwayoyin cuta a jini, da gudan jini a huhu, da kumburin naman zuciya, da matsanancin ƙarancin jini, an kuma ga hawansa da yawa a annobar korona. Da farko an zargi gwajin da kuskure a kan masu ciwon ƙoda, daga baya aka gane zukatansu ne haƙiƙa ke wahala, kuma wanda nasa ya hau shi ya fi kusa da hatsari. Saboda haka ta'arifin 2018 ya ware raunin zuciya dabam da bugun zuciya, ya shar'anta cewa ba a kiran na biyun sai lamba ta hau ko ta sauka, kuma akwai hujjar tauyewar jini daga bakin majinyaci, ko zanen na'ura, ko hoto. Wannan rarrabewa ta shafe mu a ƙasar Hausa ainun, domin cututtukan zuciyar da suka fi cika gadajen asibitocinmu su ne gazawar zuciya da hawan jini ke haifarwa, da lalacewar ƙofofin zuciya, da kumburin zuciyar masu jego, wanda Davidson da Parry suka yi dogon nazari a kansa a Zariya a shekarun 1970, har suka danganta yawansa da wankan jego da kunun kanwa. Kowanne daga waɗannan yana iya ɗaga turofonin ba tare da jijiya ta toshe ba. Ta ɗaya gefen kuma, toshewar jijiya, wadda likitocin da suka gabata ke ɗauka baƙuwa ce a Afirka, tana ƙaruwa a biranenmu tare da ciwon sukari da ƙiba da shan taba, mai ita kuwa sau da yawa yakan kwana biyu yana shan maganin olsa kafin ya nufi asibiti. Ga irin wannan bawan Allah, daɗewar turofonin a jini, wadda kan kai kwana 10 zuwa 14, ita ce rahamar.

Shin ƙarin ganewa yana rage mace-mace? Nicholas Mills da jama'arsa suka gwada wannan a asibitoci 10 na Sikotlan, a kan mutum fiye da 48,000, suka buga sakamakon a 2018: sabon ma'auni ya tono ƙarin masu raunin zuciya da tsohon bai gani ba, waɗanda jininsu ya fito fes kuma suka riƙa komawa gida da wuri, amma bayan shekara guda ba a ga raguwar sabon bugu ko mutuwa ba, kuma ɗaya bisa uku kaɗai na waɗanda aka ƙaro ke da bugun zuciya irin na toshewar jijiya. Wanda kuwa ƙirjinsa ke shaƙewa in yana aiki kawai, ya sake shi in ya huta, yawanci jininsa ba ya nuna komai, don haka har yau ana aika shi gwajin tafiya a kan na'ura ko ɗaukar hoton jijiyoyi.

Sai dai a 'yan shekarun nan iyakar da ke tsakanin tauyewa da mutuwa ita kanta ta shiga tuhuma. A 2021 waɗansu likitoci a Danmak suka bayyana cewa sun hura balan-balan a jijiyar zuciyar majinyatan da suka ba da yardarsu, na daƙiƙa 30, ko 60, ko 90 kacal, lokacin da a ƙa'idar Jennings bai kusa isa ya kashe nama ba, amma ma'aunai masu kaifi suka ga turofonin yana hawa a jininsu, ya fi fitowa fili a waɗanda aka toshe wa na daƙiƙa 90. Masana sun kasu biyu a kan fassarar wannan: waɗansu sun tafi a kan cewa ƙwayar da ta galabaita tana iya zubar da ɗan abin da ke cikinta ta kuma rayu, waɗansu kuwa suna cewa ba ya fita sai da mutuwa, ko da ta ƙwayoyi ɗai-ɗai ce da ba sa barin tabo. Masu ra'ayi na biyu suna kafa hujja da aikin John Canty da mutanensa a Bafalo ta Amurka, waɗanda a 2017 suka toshe jijiyar zuciyar aladu na minti 10, suka ga turofonin ya ci gaba da hawa har awa 24, da suka duba naman kuma ba su sami yankin da ya mutu ba, sai ƙwayoyi ɗai-ɗai warwatse da suka mace a tsakanin rayayyu.